Gayyar Malam Bube Ta Gama Gonar Ƙarshe

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar taubashina Malam Bube na Banga, Allah Ya jiƙansa da rahama. Masu karatu su yi mini uzuri, waiwayen bana ba na share hawaye ba ne. Tun makon jiya bakina ya ƙi rufuwa don murna, har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya. Dalilin yana tafe.

Bube malamin firamare ne kuma manomi, mai taurin kai irin wanda in ya jingina da bango, bangon ne ke matsawa. Shi ne na farko da na sani a yankinmu da ya ce zai yi digiri ta intanet. Ranar da ya faɗa mini, a rumfata ta hatsi a kasuwar Ƙaura, na yi dariya har na zame daga kan buhun gero. Na ce, "Kai bawana, a Banga? Garin da in ka tura saƙo ta waya sai ka riga shi isa da ƙafa?" Ya ce, "Awo, a Banga. Kai ma kana ciki, ba ka sani ba ne tukuna." Kafin wata ya mutu na sami kaina ɗalibin harkar kasuwanci, da furfurata da komai. Ya jawo Lawali, direban da ke jigilar fasinja zuwa Shinkafi, ya jawo har matarsa shi Buben, Malama Dije, wadda ta zaɓi fannin koyarwa.

Dabararsa daga gona ya ɗauko ta. Ya ce karatun waya kaɗaici ke kashe shi, don ba malamin da zai leƙo ya ga kana gyangyaɗi, saboda haka gayya za mu yi. Kowane mako, bayan la'asar, mu taru a gonar mutum ɗaya, wato darasinsa. Mai gona ya tsaya ya karantar da mu abin da ya koya, da Hausa, mu kuma mu rufe shi da tambayoyi. Kamar kowace gayya, shi ke da fura. In ya kasa bayani, mako mai zuwa mu sake dawowa kansa, ya sake damawa. Ban taɓa ganin abin da ke sa mutum karatu kamar tsoron ciyar da ni sau biyu ba.

Lawali ne mai sauke mana darussa duk inda ya sami sabis mai ƙarfi a hanya, ya dawo ya raba daga waya zuwa waya. Shi kuma ya ɗauka kunna darasi a mota yana tuƙi ya wadatar. Ranar gayyarsa ta farko ya miƙe ya kwaikwayi gaisuwar malamin, har da gyaran muryar, sannan ya tsaya cak. Bube ya ce, "To, mun gaisa. Ina karatun?" Daga ranar doka ta fito: darasi a zaune, da biro a hannu, kuma wayar da ke karatu ba ta amsa gaisuwa, ko ta suruki ce. Aikin da aka ba ka kuwa ka tura shi da wuri, don a Banga hadari na haɗowa sabis ya tattara nasa ya nasa.

Bube ya gama, ya ga sakamakonsa da idonsa, sannan gajeriyar jinya ta ɗauke shi. Ni da Lawali muka lallaɓa muka ƙarasa a bayansa. Dije kuwa ta ajiye. Takaba, ga yara, ga gona, ga keken ɗinki. Ba wanda ya ga laifinta.

Nakan tambayi kaina me Bube zai ce da ya ga yau. Sabis ya ƙaru, hasken sola ya shiga gidaje, ga wata manhaja da kake tambaya ta amsa kafin ka rufe baki. Na rantse, da yana nan, zai yi ta jefa mata tambayoyi har ta nemi hutu. Amma na san zai kira ta 'yar ƙodago: ta taya ka aiki, ba ta tsaya maka ranar gayyarka ba. Zai kuma yi mamakin samarin da nake gani yanzu, data cike da waya, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, su yi rajista da zafi su watsar kafin kaka.

A farkon bana makarantar ta sanar da Dije cewa wa'adin da aka ba ta na kammalawa zai cika. In ba ta zauna sauran jarrabawarta a wannan zangon ba, duk wahalar da ta sha ta bi ruwa. Maiɗakina ce ta kawo mini labarin, ta ce Dije ta ce a bar shi kawai. Na kira Lawali, muka ɗauki maiɗakin tawa, sai Banga.

Na ce, "Malama, mun zo gayya." Ta ce, "Baban Zainab, wanga karatu ya wuce ni. In na buɗe wayar nan muryarshi nake ji yana hwaɗa." Lawali ya ce, "To mu ma ita muke ji, shi ya sa muka taho. Mai gidan ga bai taɓa barin gayya ta watse da sauran gona ba." Ta ce, "Ku da kun manta komi, mi za ku tambaye ni?" Na ce, "Ai nan ne amfaninmu. In kika iya sa ni na gane, babu malamin duniya da zai kayar da ke."

Haka muka yi ta zirga-zirga duk damina. Gayyar farko ta rikice ta yi kuka, muka sha fura muka ce sai mako mai zuwa. A hankali harshenta ya warware. Ta koma tura tambaya ga malamanta ba kunya, abin da a da sai Bube ya tilasta mata. Kusa da jarrabawa ta kai tana korar tambayata tun ban gama ba, tana cewa, "Wannan ta 'yan aji ɗaya ce, kawo wata." Lawali ya kai ta cibiyar jarrabawa, ya ƙi ɗaukar fasinja ko ɗaya don kada a cika ta da surutu.

Makon jiya sakamako ya fito. Ta ci, duka! Kabbarar da na yi a rumfa ta sa tantabarun kasuwa suka tashi, ina jin wasunsu sai a Zurmi suka sauka.

Muka garzaya yi mata barka, sai muka tarar da takalma jibge a ƙofar gida. Matan aure ne na unguwar, kowacce da wayarta, ɗaya a tsaye tana bayani tana inda-inda. Dije ta leƙo zaure ta ce, "Na gode, Allah Ya saka. Amma yau ba ku da wuri, kuma furar ta ɗalibai ce."

Takardar digirin Bube tana rataye a bango, ta fara koɗewa. Abin da ya bari na gaske shi ne wanda ya hana mu shiga gidansa ranar. Allah Ya haskaka kabarinka, bawana. An kore mu, kuma ban taɓa jin daɗin kora irin wannan ba.