Takarda Ta Huɗu Da Yaya Ta Bari

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsaye gaban injin guga a ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki, wayata ta yi ta motsi a aljihu. An hana mu ɗaga waya a bakin aiki, don haka sai da na gama zannuwan gadon da ke gabana na shiga banɗaki na duba. Mijinki ne, Yaya. Bai ja magana ba, ya ce sai haƙuri, Yaya ta cika da asuba, kuma har an kai ki. Na koma na ɗauki zani na gaba. Ban faɗa wa kowa ba, domin a cikin mutanen nan babu wanda ya san ina da yaya, balle ya san abin da zai ce mini.

Yau sati uku ke nan. Ba zan yi miki ƙarya don kin mutu ba, Yaya, ba mu rabu da daɗi ba. Shekara tara ina ci-rani a ƙasar wajen nan. Matata ta rasu wurin haihuwar Auta, bayan wata biyar na ajiye miki jaririyar da yayarta Ummi, mai shekara shida, na ce shekara biyu zan yi in dawo. Allah bai ba ki haihuwa ba, kika karɓe su hannu biyu. A shekara ta uku takardun zamana suka ƙare, kuma irinmu in muka fita, ƙofa ta rufe ke nan har abada. Kin san haka sarai, amma duk wayar da za mu yi da kalma ɗaya kike rufe ta: yaushe? A waya ta ƙarshe na ce miki wanda ke cikin inuwa bai san ana rana ba, na kashe. Ban san daga gadon asibiti kike magana ba.

Ummi tana tuna ni. Auta kuwa ba ta taɓa ce mini uffan ba. In an miƙa mata waya, numfashinta kawai nake ji, har in gaji in ce a ba wani.

Abin da kowa zai tuna ki da shi shi ne safiyar Asabar. Da an gama karin kumallo sai ki rufe keken ɗinkinki, ki tura kujeru jikin bango, ki shimfiɗa tsofaffin jaridu a tsakar falo, ki jera murafen kwalba. Ba ki taɓa sayen fenti ba. Da hannunki kike haɗawa: bula ta wanki, jan ƙasa da kika tace da tsumma, garin kurkum, dakakken gawayi, kowanne ki dama shi da ɗan sitaci don ya kama takarda. Ki yanka dankali biyu ki sassaƙa masa tauraro yara su yi ta buga shi kamar hatimi. Tsohon buroshin haƙori ma bai tsira ba, da shi ake yayyafin ruwan sama. 'Ya'yan maƙwabta sukan cika ɗakin har kan dokin ƙofa, kuma ba ki taɓa kora ko ɗaya ba. In wani ya kifar da murfi, sai ki ce to, Allah ya kawo mana tafki, a zana masa agwagi. An ba ni labarin ranar da Auta ta dafa bayan farar rigar mijinki da hannu duk jan ƙasa, kika gani kika yi shiru, bawan Allah ya wuni yana tuƙa mutane da tafin yarinya a gadon bayansa. Da ya dawo yana faɗa kika ce ai gara shi, an san yana da mai shi.

Da kika fara turo mini hotunan zanen, ni ne na tayar da magana. Na ce ba na son a koya wa 'ya'yana zana mai rai. Kika ce malam ya kwantar da hankalinsa, ba za a sa wa kowa fuska ba. Kuma kika cika alkawari: babu ido, babu hanci, babu baki. Sai kika raba wa kowa launinsa, da shi ake gane mutum. Ummi bula, Auta jan ƙasa, mijinki ruwan shayi saboda kofi ba ya barin hannunsa, ke kuma kurkum. Ni aka ba ni gawayi.

Wannan ya ci mini rai shekaru, kuma gara in faɗa. Ina nan ina shaƙar tururi da sinadarin wanki awa goma sha biyu, fatar hannuna tana saɓulewa, sai a turo mini hoton gida kowa da haskensa, ni kuma wani dogon baƙin abu a gefen takarda kamar wanda ya zo sata. Na ɗauka da gangan kika mayar da ni dodo a idon 'ya'yana. Na taɓa tambayarki, kika ce gawayin ne ya rage.

Uwarsu kuwa ba ki ba ta launi ba. Da Ummi ta tambayi inda mamansu take a zanen, sai kika ɗauki guntun kyandir kika zana ta a farar takarda, babu abin da ido ke gani. Kika ce su shafa bula a kai. Suna shafawa sai ga mace tana fitowa fara fat daga cikin shuɗin, kafaɗa, hannu, gefen zani, domin ruwa ba ya kama inda kyandir ya bi. Ummi ta ce ranar yaran maƙwabta biyu sun gudu gida. Auta kuwa ta matso ta sa kunnenta a jikin takardar. Tun daga nan kowace Asabar sai an nemo uwarsu, kuma ba sa sanin ta wane gefe za ta ɓullo.

Kwana biyu da rasuwarki Ummi ta kira ni ta bidiyo, da rana tsaka. Ta ce akwai abin da take so in gani, ta juya wayar ta bi bangon falo a hankali, bangon da ke kallon taga, inda kika liƙa zanen shekara da shekaru tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Bula tana nan. Jan ƙasa yana nan. Ke ce babu. A kowace takarda akwai fili tsakanin yaran biyu, Auta ta miƙa jan hannunta sama tana riƙe da iska. A na baya-bayan nan akwai ɗan dishi-dishin rawaya kamar tabon da aka wanke sau uku. A tsofaffin kuwa ko alama.

Na ɗauka wani abin al'ajabi ne, sannan kunya ta biyo baya. Ni da cire tabo ne sana'ata, na fi kowa sanin maganin kurkum: a shanya shi a rana, ya tafi da kansa. Ke ma mai ɗinki ce, kin sani. Ummi ta ce tun bara ta lura kina ɓacewa, ta ce Goggo bari in sake shafa miki, ko mu mayar da takardun ɗaya bangon. Kika ce a bar shi, aikinsa yake yi. A lokacin likita ya riga ya gaya miki abin da ke cikinki, mu ne ba mu sani ba.

Mai gawayi kuwa yana tsaye a kowace takarda, baƙi ƙirin kamar jiya aka zana shi. Sai dai a na ƙasa-ƙasa hannunsa na dama ya dame. Na tambaya, Ummi ta ce aikin Auta ne, ba ta wucewa ta gaban bangon ba ta taɓa shi ba, shi ya sa kullum yatsunta baƙaƙe, kuma kin hana a yi mata faɗa. Ban ce ba ki yi niyyar ki ɗan soke ni da launin nan ba, na san halinki. Amma kin ba ni wanda rana ba ta ci, kika ɗauki mai gushewa.

Ashe ba ki gama da ni ba. Kafin a kai ki asibiti kin bar wa Auta takardu huɗu farare a cikin akwatin keken ɗinki, kin sa musu lamba, kin ce ɗaya kowace Asabar. Asabar ta farko, gida cike da masu gaisuwa, yarinyar ta shige bayan kujera da murfin bula. Mata biyu na kyandir suka fito a takardar, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya uwarsu ce. Ɗayar kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka, yadda shekarun keke suka mayar da taki. Ta biyu falon ne, jaridu a shimfiɗe, murafe a jere, babu kowa. Ta uku ƙofar gida ce a buɗe, da takalman namiji a bakinta. Mijinki ya ce ya daɗe yana dubawa, ya kasa gane ko mai su shiga ya yi ko fita.

Ta huɗu kin rubuta a bayanta da fensir cewa ba a taɓa ta sai mai gawayi ya riƙe buroshi. Auta ta naɗe ta a leda ta sa a firiji, can sama, ta hana kowa matsar da ita. Shekaranjiya Ummi ta miƙa mata waya kamar kullum, na saurari numfashin nan, har na buɗe baki zan ce a ba wani, sai na ji murya, siririya, ba gaisuwa ba komai.

"Goggo tana ciki," ta ce. "In ka daɗe zafi zai narkar da ita."

Maganar farko ke nan da 'yata ta yi mini a duniya. Ummi ta karɓi wayar ta ce in ina so za ta karkata takardar a hasken taga, kyandir yakan ɗan yi ƙyalli, sai ta gaya mini abin da ke ciki in huta. Na ce a'a.

Tarko kika ɗana mini, Yaya, kuma ban ji daɗinsa ba. Shekara tara na zuba a ƙasar nan, zan fita da jaka ɗaya da tari. Amma ko a gaban alƙali gaskiya taki ce. Jiya na gaya wa shugaban ɗakin wanki ƙarshen wata zan ajiye aiki. Ya tambaye ni ko na san ba zan iya dawowa ba, na ce na sani. Abin da kika roƙa da baki na hana ki, ga shi kin karɓa kina ƙarƙashin ƙasa. Ki yafe mini wayar da na kashe.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kankarar zunubi. Allah ya yalwata kabarinki ya haskaka shi, ya saka miki da gidan Aljanna saboda marayun da kika riƙe da 'ya'yan mutane da kika buɗe wa ƙofa. Ya haɗa ki da iyayenmu da uwar yaran nan a cikin rahamarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda ya ciyar da 'ya'yan wani bai taɓa goranta mini ba, Allah ya ba shi haƙuri da ladan abin da ya yi. Ina yi wa dangi da maƙwabta gaisuwa, da yaran da za su zo ranar Asabar su tarar da kujeru a inda suke. Ummi, Allah ya yi miki albarka, kin ɗauki abin da ya fi shekarunki. Auta, ki bar ta a firijin, ki tanadi bula. Idan Allah ya yarda ina tafe. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.