Yaya Sabo da Ruwan da Bai Sata Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sabo, Allah Ya jiƙansa da rahama, amma bai taɓa yawo a bakin mutane kamar bana ba. Wani ɗan zamani ne ya tono tsohon kaset na wasan kwaikwayon da suka yi a Tiga, ya yanka shi guntu-guntu, ya watsa a waya. Yanzu daga Bebeji har Doguwa babu majalisar da ba a sa fuskar Yaya a gaba ana yi mata shari'a ba. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sunansa nake so in ƙwato daga hannun waɗannan alƙalai.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sabo shi ne mai rabon ruwa na manoman rani a yankinmu, ƙasan madatsar Tiga. Manoma ne da kansu suka zaɓe shi. Shi ke buɗe wa kowa bakin kanal idan layinsa ya zo, ya toshe idan ya wuce, da mai alkama da mai tumatir da mai albasa. Ba aikin da ake ba mai son zuciya ba ne, domin ruwan yini guda ya isa ya raya gona ko ya kashe ta. Tasa gonar tana can ƙarshen layi, sai kowa ya sha ta sha.

Ana haka samarin gari suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Suka rasa wanda zai fito a Alhaji Tanko, mai rabon ruwan da ke jira kowa ya tafi masallacin Juma'a, ya karkatar da ruwan marayun ɗan'uwansa zuwa tumatirinsa, saboda matarsa tana kwance a asibiti, amfanin gonar nan kuma shi kaɗai ya rage masa. Kowa ya noƙe. Yaya ya ce shi zai yi, don ya san ta inda ake cutar, yana so manoma su gani su kiyaye. A bakin kanal ɗinsa na gaske aka ɗauka, da fartanyarsa ta gaske. Ya kuwa yi abin da kyau, kyan da ya zame masa masifa.

Aka nuna a talabijin, aka yi ta juya kaset a gidajen kallo. Kafin wani ranin ya zagayo, manoma suka taru suka tsige shi. Wani dattijo mai gemu fari fat ya miƙe ya ce, "Da idonmu muka gan shi, a bakin kanal ɗin nan." Aka ce, Baba, ai wasa ne. Ya ce, "To wa ya koya masa? Hannun nan ya saba." Kun ji fa! Mutumin da ya shekara yana raba musu ruwa babu wanda ya taɓa kawo ƙararsa, shi aka kora da shaidar akwatin talabijin. Yaya ya koma gonarsa kamar ba a yi komai ba. Amma na san abin ya ci shi, don har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake bi ta bakin kanal ɗin nan da rana tsaka ba, sai ya zagaya.

Da can na ɗauka jahilci ne, idan boko ya yawaita zai wuce. Ashe ban ga komai ba. 'Yan yau, masu waya da Turanci a baki, sun rabu gida biyu a kan Alhaji Tanko. Kashi ɗaya suna tsine wa fuskar da suke gani, ko kunya babu, suna roƙon Allah Ya sa ya gani a kabarinsa. Kabarin wa? Tanko ba shi da kabari, Sabo ke da shi. Ɗaya kashin kuwa su suka fi ba ni takaici. Wai Alhaji Tanko gwarzo ne, wai namijin duniya, wai duk mai hankali haka zai yi idan matarsa tana kwance. Marayun da gonarsu ta ƙone ko oho. Wani ma cewa ya yi marayun ne sakarkaru da ba su tsare ruwansu ba. Tir da wannan kai.

'Ya'yana sun nuna mini irin wasan da ake yi a waya, inda ake ba ka zaɓi, ka ceci mutum ko ka kashe shi ka kwashe kayansa, idan abin bai yi maka daɗi ba ka goge ka sake daga farko. Daga nan na gane inda suka samo bakin. Wanda ya saba gogewa ya sake, ina zai san cewa albasar da ta kwana uku babu ruwa a watan zafi ta tafi ke nan?

Nakan zauna in tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Na tuna ya taɓa gaya mini cewa shi ya matsa a sa matar Tanko a asibiti, domin mugun da ba shi da dalili babu mai ganin kansa a cikinsa, kowa zai ce wannan ai wani ne. So yake mai kallo ya ji tausayin Tanko, sannan ya tsorata da kansa. Bai taɓa cewa dalili yana wanke cin amana ba. Masu tsinuwa ba su ji tausayin ba, masu tafi ba su ji tsoron ba, duka biyun sun ci kuɗin data a banza.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne Auwalu, babban ɗan Yaya. Bana manoma suka zaɓe shi mai rabon ruwa, kujerar da aka tsige ubansa. Ya shigo gidana fuska babu annuri, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Gwaggo, sun ba ni, amma ki ji dalili." Ashe samarin saman layi ne suka tsaya masa. Ana tashi daga taro suka ja shi gefe suka ce, sun san shi jinin Alhaji Tanko ne, idan ruwa ya ja baya ya san yadda zai yi musu da rabon mutanen ƙasan layi. Ya ce musu wallahi ubansa bai taɓa karkatar da ruwan kowa ba. Suka fashe da dariya, har da tafawa, suka ce ai haka Alhaji ma ya rantse a fim.

"Gwaggo, in karɓa ko in mayar musu?"

Yaya bai bar gida na a zo a gani ba, gonar ma an raba ta tun tuni, fuskarsa kuma ta zama ta 'yan waya, su yi yadda suka ga dama da ita. Abin da ya rage nasa na gaske shi ne wannan da ke durƙushe a gabana, ransa a ɓace don an yaba wa ubansa da sata. Na ce ya karɓa, ya raba ruwan nan yadda ya ga ana rabawa a gidansu.

Ya karɓa. Na kuma san ƙarshen zancen, don na san mutanena. Duk ranar da suka gane ɗan Sabo suka zaɓa ba ɗan Tanko ba, taro za su kira su tsige shi. Ranar nake jira, kuma ranar duk unguwa za ta ji guɗata.