Irin Cittar Baba

Duk sanda aka tsaga ɗanyar citta kusa da ni, yajinta ya bugi hancina, hannun Baba nake gani. Tafinsa ya yi kanta ya tsattsage, in ya shafa kaina har gashina yake kamawa. Ba na jin akwai mai riga shi fita gona a ƙauyenmu da ke bayan Kwoi. Farkon damina yana ɗauko ganye a ka daga daji yana rufe citta, da kaka yana tono, yana tsagawa, yana shanya a kan dutse. Ya dawo a gajiye liƙis, amma sai ya leƙa kwanon kowannenmu kafin ya kai loma bakinsa.

Ku da ba ku noma citta, bari in gaya muku. Ba a tone gona duka. Akan bar wani gefe a ƙasa, a lulluɓe da ciyawa, shi ne irin baɗi. Wanda ya taɓa shi ya taɓa tuwon gidan na shekara mai zuwa. Ko ɓarawo yana jin nauyinsa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina firamare, Baba ya faɗo daga kan ɗaki yana gyaran jinka, ƙugunsa ya karye. Aka kai shi asibiti a Kafanchan, Mama ta bi shi jinya. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, wanda Baba ya yi renonsa har ya yi masa aure, ya ce shi zai kula da gona. Ya kuwa kula. Ya tone ta tas, har irin, ya kai kasuwa. Ranar da aka dawo da Baba a bayan akori-kura, sabon babur muka tarar a ƙofar ƙanen, ja wur, ko ledar kujerar ba a cire ba.

Baba ya sa aka riƙe shi har gonar. Ya daɗe yana kallon ramuka. Mama ta fashe da kuka tana zagi, sai ya ce, “Bari, Maman yara. Ɗan’uwana ne.” Ni dai ko a lokacin ban yarda ba.

Daga nan mai gona ya koma ɗan ƙwadago. Yana zaune a kan buhu, ƙafa a miƙe, yana tsaga cittar mutane har yatsunsa su yi jini, don kada a koro mu daga makaranta. Babur ɗin ya zo wucewa yana fantsama taɓo, Baba ya ɗaga hannu ya gai da ƙanen nasa. Wannan gaisuwar ta fi komai ci mini rai. Bai sake noma tasa gonar ba har ya rasu. A wurin jana’iza kuwa, Baba Ƙarami ya fi kowa ɗaga murya a waƙa.

Abin da bai sani ba, bayan ruwan farko na shekarar da ya yi ɓarnar, Mama ta bi ramukan ta tsinci ’yan guntayen da suka tsiro. Su ta yi ta reno a bayan ɗaki, shekara da shekaru. Daga cikinsu na gaji irin da nake nomawa yau.

Bara cuta ta shiga citta, gonaki suka ruɓe, tawa da ke kan tudu ta tsira. Mutane suka yi ta zuwa neman iri, na ba kowa, har waɗanda ba ma ga maciji da su. Sai ga Baba Ƙarami, ya tsufa, yana dogara sanda.

“Yarinyata, ki taimake ni da iri,” ya ce. “Ko kwano ɗaya. Abin da ya wuce ya wuce.”

Na ba shi kujera, na ba shi ruwa, don haka Baba zai yi. Sannan na ce, “Baba Ƙarami, ai ka riga ka ɗebi naka. Ga shi can bayan ɗakinka ya yi tsatsa, kaji na kwana a kai. Je ka shuka babur ɗin.”

Dattawan coci sun zo sun yi mini wa’azi, wai Baba ma ya yafe. Na sani. Nasa ya yafe, ni kuwa a lokacin ni nake wanke jinin yatsunsa daga wuƙar tsaga citta. Yanzu babura sun cika gari, ba mai ko waiwayarsu. Gonar Baba Ƙarami tana nan fayau bana, ko tsiro ɗaya babu. Ta gefenta nake bi kullum in zan je tawa, ko da yake akwai hanyar da ta fi kusa.