Jakar Wuta a Bayan Iya

Shekarar da tsutsa ta cinye mana auduga, Babanmu ya tafi ci-rani Kudu, damina ta tarar da mu a ƙauyenmu na gefen Danja rumbu ya kusa ƙarewa. Masara ta yi goyo amma ba ta nuna ba. Sau ɗaya ake tuƙa tuwo a yini. Mu uku ne yara a gidan: ni, yayana Sabi'u, sai ƙanwarmu Hindatu, wadda zazzaɓi da yunwa suka ramar har ta daina kuka. Ko an miƙa mata loma sai ta kau da kai. Ba mai faɗa, amma kowa tsoronsa ɗaya, kada masara ta nuna babu Hindatu.

Iya, kakarmu ta wajen uba, ita ke tara mu gindin murhu bayan magariba. A lokacin ta ce azumin ramuwa take yi, na shekarun ƙuruciya. Ni dai na yi mamakin yawan ramuwar, don kullum ba ta ƙarewa.

Wata rana Sabi'u ya raka wani maƙwabcinmu Funtuwa, ya leƙa gidan kallo, ya dawo yana ba mu labarin mayaƙan taurari masu bindigar haske da ba ta ƙarewa.

"Ƙarya ne," in ji Iya. "Ba abin da ba ya ƙarewa. Wa ke ɗauko musu harsashin?"

Sai ta shiga ɗaki ta fito da kwano goye a baya, ta ɗaure da zani kamar jariri, ta zauna ta ba mu baya.

"To ga ta nan, amma yau ku ne cikinta. Kai Sabi'u kana gabas. Maigidana, kana yamma. Hindatu ce sarauniyar yaƙi."

Tatsuniyar ta wata duniya ce can bayan taurari, inda rana ta mutu, kurayen ƙarfe suka kewaye gari. Mutanen garin suna jiran jirgin da zai kawo sabuwar rana. Suna da bindigogin haske, amma bindigar ba ta tashi sai an jona ta da jakar wuta, wadda ake goyawa kamar injin feshin auduga. Dokar wasan biyu ce. Duk wanda zai yi harbi sai ya zo bayan mai jaka ya ɗauki harsashi ya haɗiye. Mai jaka kuwa ba ta harbi.

Harsashin ƙananan lomomin tuwo ne, an mulmula su da ɗan gishiri.

"Ga kura nan ta haura katanga," Iya ta ce ƙasa-ƙasa. "Ta nufi Sabi'u. Bindigarsa ta cije. Sarauniya, ke kaɗai kika rage."

Ni har na manta wasa ne. Hindatu ta dubi Sabi'u, wanda ya zube ƙasa yana shure-shure. Ta rarrafa ta sa hannu cikin kwanon, ta ɗauki loma, ta haɗiye da ƙyar, ta nuna duhu da yatsa. Iya ta ce kura ta tarwatse. Mahaifiyarmu, da ke tsaye bakin ƙofa, ta juya ta shige ɗaki da sauri.

Haka muka yi ta yi kowace yamma. Kurayen Iya sun san aikinsu, ta gefen Hindatu suka fi ɓullowa. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Maigidana, namiji da ƙyashi? Tsare mana yamma." Jirgin kuwa ya ƙi zuwa. Muryar Iya ta riƙa yin ƙasa, har sai mun matso muke ji. Wani lokacin takan yi shiru a tsakiyar yaƙi, kanta a sunkuye, mu ɗauka dabarar labari ce.

Na taɓa ce mata, "Iya, ke ma ki yi harbi mana ko sau ɗaya."

"In mai jaka ta yi harbi, wa zai ba ku?"

Ranar da aka karyo masarar farko aka gasa, Hindatu ta cinye guda da kanta. Iya ta ce jirgi ya sauka, tatsuniya ta ƙare, kowa ya ajiye bindiga. Ta kwance zanin, ta kife kwanon, ta kwanta. Ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba, kafin a yanke dawa muka kai ta makwancinta.

Sai da na girma mahaifiyarmu ta faɗa mini cewa Iya ba ta da wata ramuwa. Rabonta na tuwo ne a kwanon, ruwa kawai take sha da ɗan tafasasshen zogale. Mahaifiyarmu ta roƙe ta ta bari, Iya ta ƙi.

Yanzu a Funtuwa nake zaune. Ɗana yana da wani wasa a waya, sojan taurari da jaka a baya mai cika bindiga. Kwanaki ya nuna mini yana murna, ya ce in ta ƙare da kanta take cika. Hindatu ta zo mana yini ranar, da goyonta a baya. Muka dubi juna.

"Ba ta cika da kanta," in ji Hindatu. "Zo ka zauna in faɗa maka wa ke cika ta."