Sunan Ɗan Fari a Wuyan Hannu

A shekarata ta farko ta aikin jinya a ɗakin yara na wani asibiti a Bauchi, hantsi na fi so, lokacin da rana ke ratso labule ta kwanta a kan gadaje. A irin wannan lokaci ne abokiyar aikina, 'yar kudu, ta zo da allura ta kira sunan wani yaro. Da ta dubi wata ƙaramar uwa daga Zungur, sai uwar ta sunkuyar da kai. Abokiyar tawa ta ɗauka amsawa ce, ta kama cinyar ɗan matar.

Na san ba shi ba ne, domin yaron da za a yi wa allurar tun safe aka mayar da shi gadon kusa da fanka. Na riƙe mata hannu.

"Baiwar Allah, yaya sunan yaronki?" na tambayi uwar.

Ta ja mayafi ta rufe baki. Kakar yaron da ke kan tabarma ta ce, "Haba 'yata, ɗan farinta ne fa. A gabana za ta kama sunansa?"

Kunyar da aka raine mu da ita ta kusa sa a tsira wa yaro maganin wani.

Na sami babbar Sista na roƙi a ɗaura wa kowane yaro sunansa a wuyan hannu, kada kuma a ba da magani sai an karanta.

"Ke da kullum hankalinki ke bakin taga, yau doka kika kawo mana?" in ji ta. "To, gwada mu gani."

Da filasta na fara, ruwan wanka ya ɓamɓare ta. Wasu iyayen suka cire, wai tana sa ƙaiƙayi. Abokan aiki suka ce ina ɓata musu lokaci. Na yi kukana a keke a hanyar gida, na share, na biya wurin wata mai ɗinki a Ƙofar Wambai ta yanko mini farin ƙyalle mai laushi. Na bi gado-gado ina rubuta sunan kowane yaro a jiki ina ɗaurawa, ina yi wa iyaye bayani. Kakanni suka sa masa suna layar asibiti, suka daina cirewa.

Wata safiya aka kwantar da sabuwar yarinya, hannunta babu komai. Babbar Sista ta riga ta zuƙo magani a sirinji. Ta dubi hannun, ta mayar da allurar cikin faranti.

"A ɗaura mata tukuna," ta ce, "ina jira."