Kwalbar da Ta Kwana a Firizata

Har yau ban manta da wata Asabar ba, ana saura 'yan makonni a fara wasannin Olamfik na 2008. Mu biyar ne a wurin: ni, Inna Hajara mai girki, Alhaji Sabo, maigidana a wurin aiki, mai kamfanin tura kaya a benen Tianxiu da ke China, Isufu ɗan Maraɗi, tafintansa, sai baƙinmu, Mista Lin mai masana'antar jakunkuna a Shiling, shi da matarsa.

Ku da kuka zo aikin nan daga baya, bari in faɗa muku yadda yake a lokacin. Alhaji ya kama ɗaki a saman ofis, a nan nake dafa wa masu zuwa sari daga Kano da Kumasi. Mutum ya wuni a kasuwar Canaan yana ciniki da yatsu, ya dawo ya ci tuwona bai tambayi wanda ya yanka naman ba. Wannan rashin tambayar shi ne duk jarina. Nama kuwa wurin mahauta Musulmi na unguwar Xiaobei ake samu, kuma in hantsi ya yi sai dai ka ji "meyo", wato babu.

A shekarar an tsananta maganar biza. Kowa yana neman loban, wato mai masana'anta, wanda zai tsaya masa a wurin hukuma. Namu shi ne Mista Lin, zamana kuma a kan na Alhaji ya rataya. In mutumin ya juya mana baya, ni da tukwanena sai Fagge. Shi ya sa Alhaji ya gayyace shi cin abinci ranar Asabar, ya ce in gasa cinyar rago.

Tun Laraba na ga ana ƙus-ƙus. Isufu, wanda ya taɓa aikin otal a Yamai, ya gaya wa Alhaji cewa babban mutum a China ba ya jin an girmama shi sai ya ga giyar Faransa a kan tebur. Ba su ce giya ba, ruwan inabi suke cewa, kamar canza suna zai canza abin da ke ciki. Ina tankaɗe ina jin karatun. Wai ja ita ke tafiya da jan nama, fara sai kifi. Wai tun daga ƙamshi ake gane ƙasar da aka shuka inabin, kuma ƙasar Faransa ba ta da ta biyu. Wai gwargwadon daɗewarta gwargwadon darajarta. A garinmu abin da ya daɗe ya yi tsami zubarwa ake yi. Isufu yana lumshe ido yana juya kofin shayi a hannu, yana kuma rantsuwa bai taɓa kurɓa ba. Na ce masa lallai hancinsa ya yi karatu mai zurfi.

Na faɗa wa Alhaji magana ɗaya: kwalbar ba za ta shigo kicin ɗina ba. Ya ce haba Inna, wa ya isa.

Ashe an sayo ta ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Isufu ya ce a ajiye ta a wuri mai sanyi, ya tafi. Alhaji ya rasa inda zai sa ta, don a ofis alhazai ke shimfiɗa dardumar salla. Ya kuma yi lissafi irin namu na 'yan Kano, cewa ba a miƙa wa baƙo abin sha da ɗumi cikin wannan zafi, kuma in sanyi yana da kyau, ƙanƙara ta fi. Sai ya faki idona ya cusa ta cikin firizata, ƙarƙashin cinyar ragon, a kan sauran naman mako.

Da safe na ɗaga murfi, wani wari ya buge ni. Abin ya daskare, ya kumbura, ya turo toshiyar waje, ya bi nama ya rine shi ja-ja-wur. Na aika a kira su.

Isufu ya ɗauki kwalbar da hannu biyu kamar an mutu masa. Alhaji kuwa agogo ya duba. Mahauta sun riga sun tashi, baƙi suna hanya. Ya rage murya ya ce a wanke a gasa, ai wuta tana cinye komai, kuma waɗanda za su ci ba Musulmi ba ne.

Na ce, "Kai fa, ba za ka sa hannu ba? Sauran kuma Litinin wa zan ba, masu zuwa sari irin su Alhaji Bala na Kantin Kwari?"

Ya ce, "Inna, bizarki ma tana cikin wannan cinyar."

Na ce, "Sabo, na san uwarka. Gara in koma Fagge in sayar da ƙosai."

Ban taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. Na sa Isufu ya kwashe naman duka ya fita da shi, tun da shi ne gwanin haɗa ja da jan nama. Na kunna turaren wuta. Abin da ya rage mini garin ɗanwake ne da kuka da yajin da na zo da su daga gida, sai ƙwai da albasa. Ba zan ɓoye muku ba, ina jefa ɗanwaken ina ganin jirgin komawa nake dafa wa kaina.

Da azahar baƙi suka iso. Mista Lin ya miƙa wa Alhaji wani gwangwani da hannu biyu, Isufu ya fassara mana, murya ƙasa-ƙasa. Ganyen shayi ne. Mutumin ya ce yana da giyar Faransa a gida, ita yake kai wa duk abokan cinikinsa, amma ya tambayi wani Musulmi da ke yi masa aiki, aka ce masa kada ya kusanto da ita gidan Alhaji. Ya ce abin da yake so da mu ke nan, in mun ce ba ma yin abu, ba ma yi. Alhaji ya gyara hula ya ce ƙwarai, haka muke.

Matar ta nemi tsinken cin abincinsu, ta ɗauki ɗanwake ɗaya ta duba, ta ce ya yi kama da wani abincin garinsu. Ta ƙara, mijin ma ya ƙara, yaji yana sa shi hawaye yana cewa "shiye-shiye", wato na gode. Kafin su tashi ya ce zai tsaya mana, kuma ya tsaya. Da yamma na ji Alhaji a waya yana gaya wa wani cewa shi dama ya san 'yan China abincin gargajiya suke so.

Abin da na koya ke nan a aikin nan. Maigida in tsoro ya kama shi, sai ya sayo abin da ba wanda ya tambaye shi, kuma kullum akwai gwani a gefe mai nuna masa wanda ya fi tsada. Mai girki ba ta hana shi tsoro. Tukunyarta dai za ta tsare.

Washegari na kashe firizar, na fito da ita baranda na wanke ta da ruwan zafi da sabulu har warin ya bar ta. Na sauka Xiaobei na sayo nama da ɗan kwaɗo. Makulli biyu suka zo da shi. Alhaji ya miƙo hannu, na ɗaure duka biyun a bakin zanena.