Kwalbar da ban bari Nura ya ɗauko mini ba

Ina tsakiyar yi wa abokina Nura saƙon murya, Baba Sale ya dafa kafaɗata. Dattijo ne mutumin Maraɗi, mai gadin gidan da nake tuƙi a unguwar Nasiriya, nan Riyad.

Shekara biyu bayana na hana ni sakat. Wani ya yi mini tallan man wiwi, wai shafawa ɗaya ciwon zai kwanta. Nura zai dawo daga hutu a gida, sai na ce ya saka mini kwalba ɗaya a jakarsa.

"Man me na ji ka ce, ɗana?"

"Na shafawa ne kawai, Baba, ba na sha ba."

"A filin jirgin Riyad ba wanda zai tambaye shi shafawa ko sha. Kai bayanka ya huta, shi kuma 'ya'yansa su dinga tambayar ina babansu?"

Nan take na goge saƙon, na kira Nura na ce ya bari.

Washegari Baba ya sa ni gaba har asibiti. Yanzu ana yi mini gashin baya, ina ruku'u ba cije leɓe. Jiya Nura ya sauka lafiya, da kilishi kawai a jakarsa. Alhamdulillahi.

Ku taya ni yi wa Baba Sale addu'a. Ku fa, wa ya taɓa tare ku haka?